Daren da za a tafi da Nomau soja: wai kakanninmu suna cewa "ina sonki"?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Labarin nan da na daɗe ina damunku da shi na kai babi na huɗu na cije, kwana tara ke nan ina rubutawa ina yagewa har kayena ya kusa ƙarewa, maigida ma ya fara tambaya ko jarrabawa zan zauna. Ga waɗanda ba su bi tun farko ba, labarin Dije ne da mijinta Nomau, 'yan tsohon garin Maradi can cikin kwari bakin gulbi, aurensu wata bakwai aka zo ɗibar soja a 1939 lokacin da yaƙin Nasara ya tashi, aka tafi da shi, shi ke nan ba shi ba labarinsa. Sai 1945 da gulbi ya ci gari aka ce kowa ya hau tudu, ita kuma ta ƙi tashi wai in ya dawo ina zai neme ta. Ƙashin labarin gaskiya ne, yayar kakata ce, sunaye kawai na sauya. Inda na maƙale shi ne daren ƙarshe. Ga abin da na rubuta:

"Nomau ya riƙe hannunta ya ce, Dije ina sonki so na haƙiƙa, duk inda na je zuciyata tana wurinki. Dije ta faɗa ƙirjinsa tana kuka ta ce, Nomau kar ka tafi ka bar ni, in babu kai babu ni."

Ni kaina in na karanta sai in ji kamar miyar da aka cika ma magi. Don Allah ku faɗa min gaskiya kar ku ji kunyata.

Zee Bakatsiniya: Wayyo Anti ni kam ya yi min 😭😭 ki bar shi haka don Allah ki ma ƙara, nan ne wurin da mutane za su yi kuka

Bagobirin Tsibiri: Hhhhh Nomau na 1939 ko Nomau na fim ɗin Indiya? Saura ki sa ruwan sama ya sauko su hita su yi rawa cikin gero

Zee Bakatsiniya: Kai dai ba ka san so ba shi ya sa, duk wanda bai taɓa yi ba sai ya ga abin dariya ne

Bagobirin Tsibiri: Na san so mana, kuɗin sadaki ne ban sani ba

Hajiyar Mokoyo: (jikarta ce ke rubuta mata, ta ce in rubuta yadda ta hwaɗa) Ɗiyata sannu da ƙoƙari Allah shi yi albarka. Amma kalma guda ta kashe miki wurin ga tun kahin a je ga maganar so. Kin sa ta ta ce "Nomau". Mace ta kira sunan mijinta na hwari da bakinta a wancan zamani? Ko ɗaki ya kama da wuta ba ta hwaɗi. Uwata ta yi shekara arba'in da wani abu da babanmu, har anka kai ta makwanci ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. Laƙabinshi Dogo, to kalmar dogo ma ta hita daga bakinta gaba ɗaya, ko muciya take so sai ta ce miƙo min mai tsawon can. Mu muna yara muna dariya ba mu san mi ake ciki ba. Kuma ni ce ɗiyar hwari, ni ma ba ta kiran sunana, "ke" ce ni ko "yarinyar ga" har na yi jikoki.

Maman Hanifa: Inna wallahi na san da wannan, a gidanmu ma haka kakata take, amma na ce ai su biyu ne a ɗaki ba mai ji. Ko a ɗakin ma ba ta faɗa?

Hajiyar Mokoyo: Ta ce ita ba ta kwana ƙarƙashin gadonsu ba 😂 amma ta ce bakin da ya saba da rufewa shekara da shekaru ba dare guda zai buɗe ba. Ta ce bari ta ba ki abin da ta gani da idonta. Wata shekara babansu zai tahi ci rani, ba a san ran dawowa ba, ita tana da kamar shekara tara. Tun la'asar uwarsu ta daka gero ta yi gumba ta ƙulla a tsumma, ta soya ƙuli, da dare ta zauna bakin murhu ta ɗauki rigarshi tana ɗinke wurin da bai yage ba. Ta ce wurin bai yage ba, ta gani. Shi kuma yana zaune nesa kaɗan yana gyara ƙotar gatari wadda ita ma lahiyarta lau. Ba wanda ya ce ma wani ƙala. Da asuba ya tahi, uwar ba ta raka shi ko zaure ba, amma da ta zo shara sai ta ɗauko ƙwarya ta kifa kan sawunshi guda da ya bari bakin ƙohwar ɗaki, ta share ko'ina ta bar nan. Kwana uku ƙwaryar na kife har akuya ta ture ta. Ta ce ran nan akuyar ta sha duka kamar ta ci hatsin sarki.

Zee Bakatsiniya: Innalillahi. To ni wannan ya fi sa ni kuka a kan na farkon

Bagobirin Tsibiri: Hajiya a gahwarce ni, anya ba asiri ba ne don ya dawo? Sawu da ƙwarya hwa 👀

Hajiyar Mokoyo: Ta ce in ce maka ko asiri ne ai wanda ake so ake ma asirin dawowa, wanda ba a so na tahiya ake mishi

Admin: Bagobiri an gama da kai yau 😂

Mushe Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na karanta duka, na ji daɗin wannan zance. Ni tarihi na koyar a lakwal har na aje aiki, don haka bari in hwara ta wajena, Maman Hanifa ki yi haƙuri zan tsawaita. Abu na hwarko, ɗibar soja ba wai Nasara ke shiga gida gida da kanshi ba. Kumandan shi ke hwaɗin adadin da yake so, sarki ya raba ma hakimai da masu gari, su su kawo samari a duba lahiyarsu a zaɓa, kuma sau da yawa ɗiyan talakawa da waɗanda ba su da mai tsaya musu ake turawa gaba. To kin ga Nomau ya san wanda ya ba da sunanshi, Dije ma ta sani, kuma gobe za ta gamu da matan gidan a bakin rijiya ta gaishe su. Wannan kaɗai babi ne. Abu na biyu, iyaka ba ta da nisa da mu, kilomita wajen 50 ce, mutane da yawa sun gudu ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, saboda soja da lanho (haraji) da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Don haka a daren nan abin da ke tsakaninsu ba "ina sonki" ba ne, tambaya ce guda: in gudu ko in tsaya? In ya gudu a kama ubanshi ko ƙanenshi. In ya tsaya ya tahi inda ba a san ko ana dawowa ba. Ki sa wannan cikin ɗakin, ko ba su yi maganar so ba mai karatu zai ji shi.

Sannan dalilin da ya sa ba ta ji labarinshi ba ma yana da tushe. Faransa ta hwaɗi hannun Jamus a watan Yuni 1940, sojojin Afirka da yawa an kashe su wasu an tsare su bursuna shekaru, mu kuma nan muna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942. Wa zai aiko ma matar talaka takarda a Maradi, kuma wa zai karanta mata? Waɗansu ma sun tsira daga yaƙin sunka iso har Caroy kusa da Dakar anka harbe su ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu. Ban ce ki kai Nomau can ba, amma ke marubuciya ya kamata ki san hanyoyin da mutum ke iya ɓacewa a shekarun nan ko da Dije ba ta sani ba.

Maman Hanifa: Mushe Allah ya saka da alheri, maganar gudu ko tsayawa wallahi ba ta taɓa zo min ba, na ɗauka an zo an kama shi kawai. Yanzu na ga babi na uku ma sai na warware shi 😩

'Yar Tasawa: Ni kam ku yi min haƙuri zan ɗan saɓa, Inna Hajiya ki yafe ni ba raini ba ne. Duk lokacin da aka tashi maganar mutanen da sai a ce kunya, kawaici, shiru, kamar duwatsu ne ba mutane ba, kuma mu yanzu shirun yana mana kyau a labari saboda ba mu ne muka haɗiye shi ba. Kakata ba ta kiran sunan kakana gaskiya ne, amma ku zo ku ji ta a kan dutsen niƙa! Duk abin da ke cikinta sai ta zuba a waƙa, da kishiya da uwar miji da shi kansa maigidan da ɗanta da ya rasu yana goye, tana niƙa tana yi hawaye na ɗiga cikin gari, kowa a gidan yana ji kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya don waƙa ce. To in Maman Hanifa ta rufe bakin Dije daga farko har ƙarshe ita ma ƙarya ta yi, irin ƙaryar farko ce aka juya mata baya. Kuma wani shirun ba so ba ne, tsoro ne, yarinya 'yar shekara sha huɗu an kai ta gidan wanda ba ta taɓa gani ba, ta yi shiru sai mu ce kawaici

Hajiyar Mokoyo: Ta ce ba ki yi laihi ba ɗiyata, gaskiya kika hwaɗa, ta manta da dutsi. Ta ce uwarta ma tana yi, kuma in tana waƙar niƙa baban yakan tsaya bayan danga kamar yana gyaran wani abu. Amma ta ce ko a waƙar ba a kiran suna, sai dai "mai rigar saƙi" ko "na gidan wane"

'Yar Tasawa: Yawwa Inna, to nan muka haɗu. Akwai inda ake faɗa, ba dai fuska da fuska ba

Malam na Limanci: Assalamu alaikum warahmatullah. Ina bin ku tun ɗazu. 'Yar Tasawa ta taɓo wani abu, ko zaman Dije so ne ko rashin mafita ne, to a nan fiƙihu yana da abin cewa kuma zai amfani labarin. A mazhabarmu ta Malikiyya matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba tana iya kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu daga ranar, in sun cika ta yi idda irin ta mamaci wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko aka kama shi yana da nasa bayani daban. Kuma in bai bar mata abin ci ba tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba sai ta jira duk wannan ba. Abin nufi, daga 1939 zuwa 1945 shekara shida ne, da wuya a ce ba wanda ya ce mata je ki wurin alƙali, iyayenta za su faɗa, masu so za su aiko. In ta zauna to ta ƙi ne, kuma ƙin nan shi ne maganar da kike nema ta faɗa.

Wani abu kuma da nake gani a irin wannan, wadda mijinta ya mutu tana da takaba, tana da ranar farawa da ranar fita, a yi mata gaisuwa a yi sadakar uku da bakwai da arba'in, ran da ta fita ta yi wanka ta yi kitso ta sa lalle. Dije ba ta da ko ɗaya. Ba a yi mata gaisuwa ba don ba a ce ya mutu ba. Ta sa kwalli a ce ta manta da shi, ta bari a ce tana yi masa fatan mutuwa.

Maman Hanifa: Malam ka taɓa inda yake min ciwo. Kakata ta ce yayar tata ba ta sake yin lalle ba har ta rasu amma kuma duk Juma'a sai ta yi kitso. Ban taɓa gane haɗin ba sai yanzu

Mushe Mai Ritaya: Kun ga abin da ya sa nake son irin wannan rubutu ko da ni mutumin shekaru da sunayen sarakuna ne. Mi munka koya ma yara? Katsina ta hwaɗi hannun masu jihadi 1807, Alƙalawa 1808, Ɗan Kasawa ya zauna Maradi wajajen 1819, yaƙin Gawakuke 1836 inda anka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maradi, bayan nan Mayaƙi ya kahwa Tsibiri, sai Ɗan Mari, sai su Ɗan Baskore. Yaro ya haddace ya samu maki. Amma ban taɓa tsayawa a kalas na ce musu ku yi tunanin macen da ta hito daga Katsina da goyo da ƙwarya a kai ta bar kabarin uwarta, ta zauna shekaru tana cewa bana za mu koma, har ta tsuhwa ta mutu nan bakin gulbi tana kiran kanta baƙuwa. Har yau sarautar garin ga Sarkin Katsina ake ce mata, wannan suna kanshi begen gida ne na mutanen da ba su koma ba. Littahin tarihi ba shi da wurin sa wannan mace. Sai ku masu ƙaga labari.

Malam na Limanci: Mushe a kan cewa mutanen da ba su furta baƙin ciki, akwai hujja a rubuce ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta yi waƙoƙin marsiyya da dama, ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello da ya rasu 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta. Mace ce ta wancan ƙarni, malama, kuma ta rubuta kewarta da hannunta. To ba a ce ba su faɗa ba, ma'auni ne da su da wurin faɗa.

Bagobirin Tsibiri: Malam ita ɗin dai da ta yi waƙar murnar Gawakuke? Mu namu kakannin da anka bari a hilin wa ya yi musu marsiyya? Ku yi haƙuri amma abin na ci min rai, kullum masu alƙalami su ke da hawaye a tarihi, mu sai dai a ce an ci su da yaƙi

Zee Bakatsiniya: Tofa, mai barkwanci ya yi fushi

Admin: Jama'a a bi a hankali don Allah, gurup na karatu ne, kar mu koma yaƙin da aka gama shekara kusan 200

Mushe Mai Ritaya: Admin bar shi, bai hwaɗi abin banza ba. Ɗana, tambayarka ita ce aikin. Matan Gobir da na Maradi sun yi kuka bayan Gawakuke, a kan dutsin niƙa sunka yi shi kamar yadda 'Yar Tasawa ta ce, dutsi kuma ba ya aje rubutu. Amma in ka tashi rubuta nasu kar ka mai da ɗaya ɓangaren itace. Shekara guda bayan wannan nasara Bello ya rasu, wadda ta yi waƙar murna ita ta zauna tana waƙar kuka. Ni marubucin da zan yarda da shi shi ne wanda zai iya shiga bukkokin biyu. In ka rubuta don ka rama ne, ba labari ka yi ba, ƙara ka kai.

Bagobirin Tsibiri: Na ji Baba. Amma dai tamu bukkar zan hwara shiga

Mushe Mai Ritaya: Hwara, ai taka ce.

'Yar Tasawa: Mu ma nan wajenmu haka ne. Ku je Maijirgi kabarin Bule da Shanuwan, hafsoshin sojan Faransa biyu, na nan an san su, tun Yuli 1899 da sojojinsu suka kashe su bayan Bule ya sa an harbe Kanar Kulob a Dankori, kowane ɗan lakwal ya san sunansu. Amma 'yan matan da aka rataye a itatuwa a Koran Kalgo ba wanda ya san sunan ko guda, kuma kowace tana da uwa, wata ma an sa mata rana. Ni abin da ke ba ni tsoro in na ce zan rubuta shi ne kar in yi amfani da mutuwarsu in sa mutane kuka kawai a ce na iya labari, kamar ina cin kasuwa da gawa

Maman Hanifa: Wannan tsoron ni ma ina da shi, shi ya sa akwai abin da na ɓoye muku. Bari in faɗa tunda an zo nan. Kakata ta ce lokacin da kasuwar gyaɗa ta buɗe mutane suna ta zirga zirga Kano, wani ɗan unguwarsu ya dawo ya ce ya ga wani a Fagge sak mijin yayarta, har da tabon da ke goshinsa, yana da shago da 'ya'ya, ya yi masa magana mutumin ya ce ba shi ba ne. Aka yi shawara a gida aka ce kar a faɗa mata. Kakata ta ce ita tana zargin ta ji, don daga ranar ta daina tambayar masu dawowa daga tafiya, amma kitson Juma'a ba ta bari ba. To ni ban san ko in sa wannan ba. In na sa kamar na ci amanarta, na mai da jiranta wauta. In ban sa ba kuma na yi wa mai karatu kwalliya

Zee Bakatsiniya: A'a a'a Anti don girman Allah kar ki sa 😭 ki sa ya dawo ko da ya tsufa ne ya same ta a kangon gidan, haba ai an sha wahala a labarin nan, mu masu karatu ma muna da hakki

Bagobirin Tsibiri: Ashe Nomau ya bi shawarar Mushe ya tsallaka ƙasar Ingilishi 😂 maza ba kyau

'Yar Tasawa: Ki sa. Amma ki sa shi yadda ya zo miki, jita jita, wani ya ce ya ga wani. Kar ki bi shi Fagge ki tabbatar mana. Ita ba ta samu tabbas ba don me mu za mu samu

Hajiyar Mokoyo: Ta ce wauta ina? Ta ce ku yaran yanzu kuna ganin in namiji bai cancanta ba to jiran ya lalace. Jiran nata ne ba nashi ba. Ta ce kuma ita ta san tashin gari daga kwari, tana ƙarama amma ta ji manya suna yi, ba Dije kaɗai ta ƙi tashi ba, tsohwahhi da yawa sun yi ta komawa suna zama kan tubalin gidajensu da ya narke, don can cibiyarsu take binne. Sabon gari an ja shi layi layi tituna miƙe, su kuma sun saba da lungu, wata tsohuwa ta ce an kai su inda ba inuwa ba maƙwabci. Ta ce ki sa mutane su ɗauka Dije irin su ce, gida take ma kuka, ita kaɗai ta san ba gida ba ne.

Malam na Limanci: Abu guda dai zan roƙa, tunda baiwar Allah ce ta gaske kuma ta riga mu gidan gaskiya, ki nemi izinin manyan gidanku kafin ki fitar, kuma ki yawaita yi mata addu'a. Shi ma mutumin ba mu da tabbas, kar a ɗora masa abin da wataƙila yana kwance a wata ƙasa bai sani ba.

Maman Hanifa: In sha Allah Malam, kawuna yana nan da rai zan je in same shi. Ga abin da na sake yanzu ina zaune, ɗanye ne ku duba:

"Bayan isha ta jawo turmi tsakar gida ta zuba gero. Yana zaune bakin ƙofa da takalminsa a hannu yana juya shi. Can ya ce, an ce Jibiya ba nisa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, Baba fa. Ya yi shiru. Ta ci gaba da daka har gari ya yi laushin da ya wuce na gumba, ba ta tsaya ba. Ya ce, ya isa haka. Ta ce, bai yi ba."

Zee Bakatsiniya: "bai yi ba" 😭😭😭 shi ke nan na janye maganata ta farko. Amma ta dawowarsa ban janye ba

'Yar Tasawa: Yanzu kam na ga mutane. Saura waƙar, ki ajiye mata ita sai bayan ya tafi da kamar wata biyu, ranar da ba wanda ya zata

Mushe Mai Ritaya: Ya yi. "Baba fa" ta ɗauke duk dogon bayanin da na yi ɗazu, da na sani da ban gajiyar da yatsuna ba.

Hajiyar Mokoyo: Ta ce a sake karanta mata, na karanta sau biyu. Ta ce maganar ta zauna amma ki cire turmin. Ba a daka bayan isha a gidan mutane, uwar miji za ta leƙo ta ce wa ke kira muna tsiya da dare, kuma duk unguwa za ta ji a san ana shirin guzuri, in ko gudu ake tunani an tona kai ke nan. Ki ba ta dutsin niƙa cikin ɗaki, shi ba ya tashin kowa. Kuma ta ce talaka na wancan lokaci ba lalle yana da takalmin juyawa ba, ki ba shi wani abu daban a hannu

Maman Hanifa: To Inna me zan ba shi?

Hajiyar Mokoyo: Ta ce ki zo gida gobe bayan la'asar da kayenki, ba ta iya wannan a waya, kuma akwai wani tsohon dutsi a bayan ɗakinta tana so ki durƙusa ki gwada niƙa ko zakka guda kahin ki rubuta. Ta ce ki taho da goro

Bagobirin Tsibiri: Ni ma in zo?

Hajiyar Mokoyo: Ta ce in ka zo kai za ka ɗauko dutsin

Maman Hanifa: 😂 Inna ina nan tafe in sha Allah. Kuran ya ɗauke nan wajenmu sharjina saura kaɗan, Zee ki min mesaj gobe mu yi faɗan dawowar Nomau mu biyu